Tambaya da Amsa: Maikirowef ta lalace, me ake gyarawa a gida, me ake kai wa mai gyara?

Wasiƙun wannan karon daga Sakkwato da kewayenta suka zo, kuma duk a kan na'urar ɗumama abinci ne, wato maikirowef. Kafin mu shiga amsa, a riƙe abu ɗaya. Na'urar nan gida biyu ce. Akwai abin da hannu ke kaiwa ba tare da an kwance murfin ƙarfen da ya lulluɓe ta ba, kamar faranti da zoben da yake hawa da allon maika (ɗan allon da ke bangon ciki) da fulogi, waɗannan kowa zai iya gyarawa. Akwai kuma abin da ke ƙarƙashin murfin, inda taransifoma ke ɗaga wutar gida daga bolt 230 zuwa kusan 2,000, kafasita (mai tara wuta) da dayod (mai barin wuta ta bi ta fuska ɗaya kawai) su ninka ta zuwa wajen 4,000. Kafasitar nan tana iya riƙe wuta ko bayan an zare fulogi, kuma wutar da take riƙewa tana kisa.

Assalamu alaikum. Maikirowef ɗina tana kamawa, fitila na ci, faranti na juyawa, amma in na sa ɗumamen tuwo minti biyar sai in fiddo shi da sanyinsa. Mai gyara ya ce sai an sake babban injin ciki. Gaskiya ne? Daga wata uwargida a Mabera.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Yana iya zama gaskiya, amma ba nan ake farawa ba. Abin da ya kira babban inji shi ne magnetiron, wanda ke fitar da igiyar lantarki marar ganuwa da ke zafafa abinci, kuma yana cikin kayan da suka fi tsada a na'urar. Kafin a kai gare shi akwai abubuwan da za ki duba da kanki.

Fara da maɓallin ƙarfin wuta. Sau da yawa yaro ne ya murɗa shi zuwa wurin narkar da ƙanƙara, inda magnetiron ke kamawa na 'yan daƙiƙu ya huta na wasu, sai minti biyar su zama kamar ɗaya da rabi. Ki mayar da shi ƙarshe. Sannan ki zuba ruwan randa lita ɗaya a kwanon gilashi ko na tangaran, ki kunna minti biyu. Na'ura mai wat 700 tana ƙara wa lita ɗaya zafin kusan digiri 10 a kowane minti, don haka bayan minti biyu ya kamata ki ji ɗumi sosai a yatsa. In ya ɗan yi ɗumi kaɗan, ki zargi wutar gari tukuna. Idan wuta ta yi ƙasa, musamman da yamma lokacin da kowa ya kunna kayansa, fitila da faranti za su yi aiki lafiya lau amma magnetiron ba zai sami abin da yake buƙata ba. Ki sake gwajin da safe ko da tsakar dare. In da safe tana zafi, na'urarki lafiyarta ƙalau.

In kuwa ruwan ya fito yadda ya shiga a kowane lokaci, ki saurari ƙararta. Lafiyayyar maikirowef tana da sauti biyu: na fanka, da wani gurnani mai kauri da ke shigowa idan taransifoma ta ɗauki aiki. In fanka kaɗai kike ji, galibi wuta ba ta isa ɓangaren zafi, kuma laifin yakan zama na makunnin ƙofa, ko na ɗan fis ɗin babbar wuta da ke cikin wani kwanson roba tsakanin taransifoma da kafasita, ko wata waya da ta saki. In gurnanin ya fi na da ƙarfi har jikin na'urar na rawa, wataƙila da ɗan ƙauri, to dayod ne ya haɗe ko magnetiron ɗin kansa, kuma kada ki ƙara kunna ta, domin kowane minti yana gasa taransifoma.

Duk waɗannan suna ƙarƙashin murfi, ba aikinki ba ne. Aikinki shi ne ki tambayi mai gyaran ko ya auna fis ɗin babbar wuta da dayod da kafasita da makunnan ƙofa da mitar awon kayan lantarki kafin ya yanke hukunci. Kuɗin waɗannan huɗun a haɗe bai kai na magnetiron ɗaya ba. In ya tabbata magnetiron ne, ki ce ya dawo miki da tsohon da ya cire.

Ina koyon gyaran fanka da rediyo wajen Tsohuwar Kasuwa, kuma yanzu ana yawan kawo muna maikirowef. Ina da mita. Ku koya mini yadda ake auna kayan cikinta.

Malam, mun ji daɗin wasiƙarka, domin gara ka tambaya da ka koya a jikinka. Ka fara da sanin cewa wannan ba rediyo ba ce. Mitarka iyakarta bolt 600 ko 1,000, don haka ba a taɓa auna ɓangaren babbar wuta na'ura tana kunne. Duk awon da za mu faɗa ana yin sa ne fulogi a zare, a ajiye inda idonka ke ganinsa. Kuma ka yi na farko a gaban maigidanka.

Bayan ka zare fulogi ka jira minti biyar, sannan ka kwance murfi. Ka cire agogon hannunka da zoben yatsarka, ka sa takalmi mai tafin roba, ƙasa ta zama busasshiya. Za ka ga kafasita, gwangwani ce mai kamar ƙwai da ƙafa biyu. A cikinta akwai rezista (abin da ke rage gudun wuta, ana auna ta da om) mai om miliyan 10 da aka sa don ta riƙa sauke wutar da kanta, amma rezistar nan tana mutuwa ba tare da wata alama ba, don haka ba a dogara da ita. Hanya mafi kyau ita ce ka tanadi rezista mai om 100,000 zuwa 150,000 mai wat 25, ka ɗaura mata wayoyi masu kaurin rufi, ɗaya ka maƙala a jikin ƙarfen na'urar, ɗaya ka ɗaure a bakin sanda mai hannun roba. Ka taɓa kowace ƙafa ta kafasita na 'yan daƙiƙu. Bayan nan ka haɗa ƙafafun biyu da sukundireba mai lafiyayyen hannun roba, ka kuma haɗa kowace ƙafa da jikin ƙarfe, don ka tabbata babu saura. Hannu ɗaya kake aiki da shi, ɗayan a bayanka. In ka sake sa fulogi ko na daƙiƙa ɗaya ne, sai ka maimaita duk wannan daga farko.

Kafin ka zare kowace waya ka ɗauki hoto da wayarka. Sannan ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Fis ɗin babbar wuta za ka ga an rubuta masa 5kV, wato bolt 5,000, da amfiya tsakanin 0.65 da 0.9. Mita ta nuna a haɗe yake. In ya yanke, kada ka tsaya nan, ka nemi abin da ya yanke shi.

Dayod shi ke ruɗar masu koyo. A cikinsa ƙananan dayod ne da yawa a jere, don haka ƙaramar wutar da mita ke turawa ba ta iya ratsa shi, sai lafiyayye ya nuna maka a yanke ta kowane ɓangare, ka jefar da mai kyau. Ka nemo batir mai bolt 9, ka jera shi da dayod ɗin da mitarka a ma'aunin bolt. Ta fuska ɗaya za ka ga 'yan bolt, in ka juya shi ka ga kusan sifili. In ta fuska biyun ya ba ka kusan 9, ya haɗe. In sifili ne duka, ya yanke. Wanda aka fi samu shi ne mai lamba CL01-12, kuma ɓangaren da ke da zobe shi ake ɗaurewa da noti a jikin ƙarfe, a goge wurin ya yi fes.

Kafasita an rubuta ƙarfinta a jiki, galibi tsakanin maikirofarad 0.8 da 1.1, a bolt 2,100. In mitarka na auna kafasita, adadin ya zo kusa da rubutun. A ma'aunin om, tsakanin ƙafa da ƙafa adadi zai riƙa hawa har ya tsaya wajen miliyan 10, tsakanin ƙafa da gwangwani kuwa kada ya nuna komai. In za ka musanya, ka sa mai adadi iri ɗaya. Ƙarama tana rage zafi, babba tana wahalar da magnetiron da taransifoma. Kafasitar fanka ko ta na'urar sanyaya ɗaki mai bolt 450 ba ta shiga nan ko kusa, fashewa za ta yi.

Taransifoma naɗi uku gare ta. Na shigar wuta yana ba da om kaɗan, wajen biyu. Na babbar wuta, tsakanin bakinsa da jikin taransifomar, yakan kama daga om 80 zuwa ɗari da wani abu, domin ɗaya ƙarshensa a jikin ƙarfen aka ɗaure shi tun daga masana'anta. Na uku waya ce mai kauri da ke ba magnetiron bolt 3.3, shi ƙasa da om ɗaya zai nuna. Taransifomar da ta ƙone ba ta ɓuya, hancinka zai gaya maka kafin mita.

Magnetiron ƙafa biyu gare shi. Tsakaninsu ƙasa da om ɗaya, tsakanin kowace da jikinsa babu komai. Amma ka sani yana iya cin wannan jarrabawar alhali ya gaji. Don haka ka kwance shi ka duba maganaɗisun nan biyu masu zagaye ko ɗaya ya tsage, ka duba hular ƙarfen da ke bakinsa ko ta ƙone ta huje. Hular ana sayar da ita daban. Farar ko jar tangaran da ke wuyansa kada ka fasa ta, kada ka goge ta da sanfefa, ƙurarta ba ta shaƙa ba ce.

Wajen sayen wani, lambar jiki ita ce jagora: 2M214 da 2M226 na LG ne, OM75P na Samsung. In ba ka sami lamba iri ɗaya ba, ka tafi da tsohon ka jera su. Kunnuwan noti su zo wuri ɗaya, tsawon baki ya zo ɗaya, kuma fukafukan sanyaya su fuskanci fanka yadda iska za ta ratsa su. Akwai wani zobe na saƙaƙƙiyar waya mai ruwan tagulla a gindin bakin, shi ke hana igiya tsiyaya, kada ka ɗaura magnetiron babu shi. In ka buɗe na'ura ba ka ga babbar taransifoma ba sai allon lantarki, kamar a yawancin Panasonic masu rubutun inbata, to tsarinta daban ne, magnetiron ɗinta ma daban, ka bar wa wanda ya ƙware. Kuma duk gwajin ƙarshe sai an mayar da murfi, da kofin ruwa a ciki.

Tawa tana tartsatsi daga bangon dama, da ƙara kamar ana walda, alhali ban sa cokali ko kwanon silba ba. Daga Arkilla.

Malama, wannan albishir ne, domin gyaransa na gida ne kuma mai araha. Ki zare fulogi ki leƙa bangon dama daga ciki. Za ki ga wani ɗan allo mai launin toka da ɗan ƙyalli, kamar kwali. Sunansa maika, wani ma'adini ne da igiya ke ratsawa amma wuta ba ta cin sa, an sa shi ya rufe ramin da igiya ke fitowa don kada maiƙo da tururi su kai ga magnetiron. Idan miyar manja ko ta kuka ta fantsama a kansa aka bar ta, sai ta bushe, ta ƙone, ta zama gawayi. Gawayi kuwa yana ɗaukar wuta, daga nan tartsatsin ke tashi, kuma kowane tartsatsi yana ƙara faɗin ƙunar.

Allon da ya yi baƙi ko ya huje ba ya wankuwa, sai musanya. Ana riƙe shi da noti ɗaya ko ɗan maɓallin roba, wasu kuma zura su kawai aka yi a ƙarƙashin lanƙwasar ƙarfe. Ki cire shi a hankali kada ya ruguje, domin shi ne ma'auninki. Ana sayar da sabon maika falle-falle wajen masu kayan gyaran lantarki, kaurinsa bai kai rabin milimita ba. Ki ɗora tsohon a kan sabon, ki zana da fensir, ki yanka da reza mai kaifi kina bin rula, ki huda wurin noti, ki share gefuna da lallausan sanfefa. Kafin ki ɗaura, ki goge bakin ramin da tsumma mai ɗan sabulu, ki bari ya bushe sarai. Kada a maye shi da kwali ko roba ko takardar alminiyam. In kin leƙa ramin kin ga ƙarfen ciki ya ƙone ko ya narke, ko kuma tartsatsi ya ci gaba bayan sabon allo, to ƙunar ta kai hular magnetiron, sai mai gyara.

Ki kuma duba ƙasan faranti, inda ƙafafun zobe ke bi. In fenti ya ɓare tsatsa ta fito, nan ma tartsatsi na tashi. A goge tsatsar da sanfefa, a share, a shafa fentin da aka yi musamman don cikin maikirowef, a bar shi ya bushe yadda aka rubuta a gwangwaninsa. Fentin ƙofa ko na mota ba ya yi, zai riƙa sakin wari cikin abinci. In tsatsa ta riga ta huda ƙarfen, na'urar ta gama aiki.

Hanyar kiyayewa ita ce rufe abinci da murfin da ba na ƙarfe ba, da kuma sa kwanon ruwa da yankan lemun tsami minti huɗu sau ɗaya a mako, a bar ƙofa a rufe tururi ya jiƙa maiƙon, sannan a goge. Balangun da aka naɗo a takardar alminiyam a juye shi a faranti, haka ma farantin tangaran mai zanen ruwan zinare a baki ba ya shiga.

Ina da shagon shayi a Gwadabawa. Fis ɗin na'urata ya ƙone sau biyu, duka lokacin da na buɗe ƙofa. Wani ya ce a naɗa mashi waya a huta. Mi kuka gani?

Malam, kada ka yarda. Fis ɗin nan, wanda ke bakin shigar wutar gida (ba na babbar wuta ba), aikinsa ya yi, kuma lokacin da ya ƙone ya riga ya nuna inda cutar take. Bayan ramukan da ƙugiyoyin ƙofa ke shiga akwai makunnai uku. Biyu suna yanke wuta da zarar an buɗe ƙofa. Na uku mai gadi ne: idan na farko ya maƙale bai yanke ba, shi sai ya haɗa wutar da gangan don fis ya ƙone, na'urar ta mutu gaba ɗaya maimakon ta ci gaba da fitar da igiya ƙofa a buɗe a gaban fuskarka. In aka naɗa waya a madadin fis, ranar da mai gadin ya sake haɗa wuta ba abin da zai yanke, sai wayoyi su narke ko shago ya kama. Garin gyaran gira a rasa ido ke nan.

Abin da mai gyara zai yi shi ne ya auna makunnan ukun ƙofa a buɗe da kuma a rufe. Kowanne an rubuta masa COM a ƙafa ɗaya, a ɗayar kuma NO (a yanke yake sai an danna shi) ko NC (a haɗe yake sai an danna shi), galibi mai amfiya 16 a bolt 250, kuma mai gadin na NC ne, kada a musanya shi da na NO. Tunda wuta mai yawa ta riga ta bi ta cikinsu lokacin da fis ya ƙone, ƙa'ida ita ce a sake mai gadin da na farkon tare da fis, ko da sun nuna lafiya a mita. A duba robar da ke riƙe makunnan ko ta karye, a duba ƙugiyoyin ƙofa da sifirin ɗinsu, domin in ƙofa ta sunkuya makunnan ba za su riƙa kamawa bi da bi yadda aka tsara ba. Fis ɗin kuma a sa na tangaran mai lamba iri ɗaya da tsohon, yawanci amfiya 8 ko 10.

A shago abin da ke kashe makunnai shi ne fizge ƙofa na'ura tana cikin aiki, sau hamsin a rana. Kowace fizga tana sa ɗan tartsatsi a cikin makunni har bakinsa ya manne. Ka koya wa yaranka su danna tsayawa ko su mayar da agogo sifili kafin su buɗe. Ga sauran masu karatu, in fis yana ƙonewa ne daidai lokacin da aka danna kunnawa, kafasita ake fara zargi, sai taransifoma.

Farantin tawa ya daina juyawa, abinci na zafi gefe ɗaya. Daga Runjin Sambo.

Ki ɗaga farantin ki fiddo zoben mai ƙafafu uku ki wanke, sau da yawa busasshiyar shinkafa ce ta cije ƙafa ɗaya. Ki zare ɗan robar tsakiya mai kai uku da faranti ke zama a kai, ki duba raminsa na ƙasa. Ramin yana da gefe ɗaya a miƙe don ya kama sandar moto, in ya cinye ya zama zagaye moto zai yi ta juyawa shi yana tsaye. Ana sayar da shi, a tafi da tsohon saboda tsawonsu ya bambanta. In sandar kanta ba ta motsi, moton ne. Yana ƙarƙashin na'urar, kuma a yawancinsu ana kai gare shi ta wata 'yar ƙofa a gindi ba tare da an taɓa babban murfi ba. Waya biyu ne da noti ɗaya ko biyu, fulogi a zare. Abin lura shi ne rubutun jikinsa: akasari bolt 220 zuwa 240 ne, wat 4, juyi 5 ko 6 a minti, amma akwai masu bolt 30 da masu 21, kuma a ido duk kamarsu ɗaya. In aka sa mai 21 inda 230 ke zuwa nan take zai ƙone. Juyawa dama yau gobe hagu ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi. In farantin ne ya fashe, a auna faɗin tsohon, an fi samun milimita 245 da 255 da 270 da 315.

Ɗana ya aiko mini da maikirowef daga Amurka. An ce ba ta shiga wutarmu. Kuma ko ƙaramin janareta zai ɗauke ta? Daga wani dattijo a Gawon Nama.

Baba, gaskiya aka gaya maka. A duba takardar da ke manne a bayanta. In an rubuta 120V 60Hz, sa ta a soket ɗinmu mai bolt 230 zai ƙona ta nan take. Tana buƙatar taransifomar rage wuta, kuma ba ƙarama ba, mai wat 2,000 ko sama. Ko da haka akwai saura: wutarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ita an yi ta don 60, don haka taransifomar cikinta za ta riƙa zafi fiye da kima, rayuwarta ta gajarta. Za ta yi ɗumame na minti biyu ko uku, amma kada a riƙa ba ta dogon aiki.

Batun janareta, adadin da aka rubuta a gaban na'ura, 700 ko 900, zafin da take bayarwa ne. Abin da take sha yana a takardar baya, kuma mai 700 tana shan wajen wat 1,100 zuwa 1,200, mai 900 wajen 1,400, ban da fizgar farko lokacin kamawa. Ƙaramin janareta da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke ta ba. A nemi mai kVA 2.5 ko sama, a kashe dutsen guga da injin jan ruwa kafin a kunna. Sitabilaiza ma haka, kada ta gaza 2,000VA, kuma in wutar unguwa tana faɗuwa sosai 3,000 ta fi. A ba ta soket nata na bango mai amfiya 13 da wayar ƙasa mai aiki. In jikin na'ura yana ɗan jan hannu, alama ce wayar ƙasa ba ta haɗe, a kira mai wayarin.

Tun shigowar bazara tawa take mutuwa bayan minti uku ko huɗu, har agogonta ya ɗauke, in ta huce ta dawo. Daga Bodinga.

Akwai ɗan makunnin zafi mai kamar maɓallin riga a jikin magnetiron, wani kuma a saman akwatin, suna yanke wuta in zafi ya wuce adadin da aka buga musu. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, iskar da fanka ke jawowa ta riga ta yi zafi, ga ƙurar hunturun da ya wuce ta haɗu da maiƙon kicin ta toshe ramukan iska. Ki zare fulogi, ki share ramukan baya da na gefe da busasshen buroshi. Ki janye na'urar daga bango aƙalla santimita 10, sama a bar 20, a ɗauke ƙyallen ado da kwanukan da aka jera a kanta, a nisanta ta da murhun gas. Ki kunna ki sa tafin hannu kusa da ramukan, ki ji ko iska na fita da ƙarfi. In ba ta fita, ko fanka tana tashi da nauyi, mai gyara zai busa ƙurar da ke tsakanin fukafukan magnetiron, ya wanke sandar fankar ya ɗiga mata man keken ɗinki. In makunnin zafin ne ya gaji yana yankewa da wuri, a sa wani mai adadin digiri iri ɗaya. Kada a yarda a haɗe wayoyinsa biyu a tsallake shi, domin shi ke tsakanin magnetiron da ƙonewa.

Ƙofar tawa ta faɗi, gilashin waje ya tsage. Tana da haɗari? Daga Wurno.

Ba gilashi ke tsare igiya ba, ragar ƙarfen nan mai ƙananan huji da ke tsakiyar ƙofa ce, tare da tsarin gefen ƙofar. Tsawon igiyar ya kai santimita 12, hujin ragar kuwa milimita ɗaya zuwa biyu, shi ya sa haske ke wucewa ita ba ta wucewa. In gilashin waje kaɗai ya tsage ana iya sake shi. Amma faɗuwa takan lanƙwasa ƙofa ko maratayinta. Ki zare fulogi, ki sa fallen takarda a bakin ƙofa ki rufe, ki ja, ki gwada haka a sama da ƙasa da gefe. In a wani wuri takardar ta zare ba tare da ta cije ba, ko kin ga ragar ta yage ko ta lotsa, a daina amfani da ita. Ƙofa ba a buga ta da guduma a miƙe, ba a kuma like ta da gam. Sai dai a nemo cikakkiyar ƙofa ta na'ura mai lamba iri ɗaya, wadda galibi ake samu daga matattun na'urori wajen masu gyara, a ɗaura ta, a tabbata ƙugiyoyinta suna danna makunnai ukun daidai kafin a mayar da ita kicin.